Matasa Su Zaɓi Gwanin Littafinsu

Jama'a, gasar rubuta littattafan Hausa ba baƙuwa ba ce. Wadda aka shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ta Sashen Al'adu na Tarayya a 1982 kuwa ta fito da Turmin Danya. Amma duk alƙalai ne suka yanke hukunci, ba a tambayi matasa masu karatu ba.

Ya kamata a ba su dama, musamman 'ya'yanmu na Mayil Wan a Fatakwal, da na unguwannin Hausawa a Anacha da Inugu, waɗanda suke jin Hausa a gida amma ba safai suke karanta ta ba.

Ga yadda za a yi a kowane laburare:

1. A ware littattafai biyar.
2. A ba 'yan shekara 13 zuwa 19 wata uku su karanta.
3. Kowa ya jefa ƙuri'a ɗaya a asirce.
4. A ƙidaya a bainar jama'a.

Ba mai jefa ƙuri'a sai ya karanta, ribar ke nan. Iyaye, ku tura 'ya'yanku, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.