Gubar da ido ba ya gani cikin ruwan famfo

Mun saba cewa ruwan da ya yi garau shi ne mai tsabta. Darasinmu na yau zai nuna mana cewa ba kullum haka yake ba.

Mu dubi Arlit, a jihar Agadas. Tun 1971 kamfanin Somaïr ya fara haƙar ƙarfen uraniyom a can. Kamfanin Cominak kuma ya yi aiki a Akokan daga 1978 har aka rufe shi a 2021. Mutanen garuruwan nan biyu ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha, wanda ake jawowa zuwa famfo.

Uraniyom yana fitar da wani tururi mai cutarwa, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Yakan shiga ruwa daga duwatsun ƙasa, ko daga dattin wurin haƙa. Ruwan ba ya sake launi, ba ya sake ɗanɗano. Wanda ya daɗe yana shan sa, ƙodarsa na iya lalacewa, kuma haɗarin ciwon daji yana ƙaruwa.

A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare 5 na yankin Arlit, aka auna. A wurare 4 uraniyom ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Tun 2011 iyakar ita ce mikrogaram 30 cikin litir guda. Mikrogaram shi ne garam guda a raba shi gida miliyan.

To, me ya kamata mu riƙe?

1. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin zawo, amma ba ta fidda uraniyom. Ruwa ne ke ƙonewa, gubar ta zauna a tukunya.
2. Tacewa da ƙyalle ko zuba alif ba su isa ba.
3. Awo a ɗakin bincike kaɗai ke faɗin gaskiyar ruwa.
4. Idan muna zaune kusa da wurin haƙa, mu haɗa kai mu je wurin magajin gari da ma'aikatan ruwa. Mu nemi a auna ruwanmu, a karanta muna sakamakon. Rijiyar da awo ya nuna gurɓatacciya ce, a rufe ta, a ba mu wata.

Kada tsoro ya sa mu bar famfo mu koma ruwan tabki, gama zawo ya fi saurin kashe yaro. Tunda mun iya karatu, mu karanta takardar awo da idonmu.