Ɗalibi, kafin ka latsa "tura"

A Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar da aka shigar a kansa.

Ba cewa nake ka yi shiru ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗar albarkacin bakinka. Ka soki tsadar kuɗin makaranta da rashin ruwa a hostel, amma da hujja a hannu. Ƙage shi ne ƙofar da ake shigo maka da sashe na 24 na dokar laifukan intanet. Rukunin WhatsApp na ajinku ma ba ɗaki ba ne, wani na iya ɗaukar hoton maganarka.

In aka kama ka, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Haddace lambar wani ɗan'uwanka tun yau, don waya ake fara karɓewa.