Matar da Take Kwana da Takalmi

A ƙarshen Oktoba na 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, Yola ta cika ta batse. Mutanen Madagali da Michika sun riga sun kwararo tun kafin nan, wasu ta kan duwatsu, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru. Hedikwatar ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi ma ba ta tsira ba. Harabar majami'u, har da babban cocin Katolika na St. Theresa, da makarantu da gidajen dangi duk suka koma masauki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yar Zumuntar Mata, don haka da safe ina asibiti, da yamma ina cikin masu gudun hijira da abin awon jini a jaka.

Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tari ne suka fi yawa, waɗannan kuwa mun san maganinsu. Akwai kuma ciwon da ba ya fitowa a awo.

Wata uwa, za ta kai shekara hamsin, ta zo tana dafe da ƙirji. "Sista, nan ne yake ci kamar an zuba garwashi." Na auna jininta, ya ɗan hau, amma ba na tashin hankali ba. Na ce ta kwanta in duba ta, sai ta kwanta da takalminta, irin na robar nan da ake zuwa gona da shi. Na ce, "Mama, ki cire takalmin mana." Ta dube ni, ba ta motsa ba. 'Yarta ce ta raɗa mini cewa tun da suka baro gida da shi take kwana, zani a ɗaure tam, 'yan kuɗinta a ƙulle a bakin zanin. Muna cikin haka wani babur ya wuce da gudu, kafin in ɗaga kai tana tsaye.

Ranar da suka gudu, maigidanta ya tsaya kwance awaki, ya ce su yi gaba zai tarar da su. Ba a sake ganinsa ba. Babu gawa, babu kabari.

Can ta ce da ni a hankali, "Sista, na kasa addu'a. In na buɗe baki sai ya bushe. Ko Ubangiji ya juya mini baya ne?" Na ba ta amsar da na taso ina ji a kowane gidan makoki: "Ki yi haƙuri, Mama. Ki bar wa Allah, ki riƙe bangaskiya." Ta ce to, ta gyara ɗankwali, ta karɓi ƙwayoyinta ta tafi. Mako uku ban sake ganinta ba.

Babu ƙarya a cikin abin da na faɗa, amma har yau yana damuna. Mace ta buɗe mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni kuwa na yi saurin rufe shi. Abin da ya shiga kunnenta shi ne bangaskiyarta ta gaza, sai ta koma da kaya biyu, baƙin ciki da jin laifi. Haka muke yi wa juna a ikkilisiya da kyakkyawar niyya. Wanda ya yi kuka da ƙarfi a ce yana yi kamar marar bege. Wadda ta daina zuwa sujada a ce ta ja da baya. Wanda yake firgita cikin barci a ce aljanu ne, a sa masa azumin kwana uku, alhali ko abincin kirki bai ci ba tun da ya baro gida.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana wannan gaggawa ba. Da Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa, ba wa'azi aka fara yi masa ba. A 1 Sarakuna sura 19, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 Allah ya yi magana da shi a Horeb. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai in ga aikinmu na jinya: abinci, ruwa, barci, sannan magana. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma da suka fara bayani ne suka ɓata. Cikin Zabura 150 da yawa kuka ne da ƙorafi a gaban Allah, ta 88 ma ta ƙare ba tare da ko kalma ɗaya ta sauƙi ba, aka kuma bar ta a cikin Littafin. Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kan Li'azaru, yana sane zai tashe shi. A daren da ya yi wa almajiransa alkawarin salama, a daren ne ya shiga Getsamani cikin matsanancin baƙin ciki, ya roƙi Bitrus da Yakubu da Yohanna su zauna a faɗake tare da shi. In Ubangijinmu ya nemi abokan zama a darensa, me zai sa mu ce wa gwauruwa ta daure ita kaɗai?

Abin da na gani da idona shi ne salamar Almasihu tana iya zama a gida ɗaya da hawaye, kuma yawanci da ƙafar mutane take shigowa.

Ga abin da nake roƙon fastoci da dattawa da shugabannin mata su sani. Wanda ya ga kisa, ko ya tsira da ƙyar, jikinsa kan ci gaba da gudu ko da ƙafarsa ta tsaya. Rashin barci, munanan mafarkai, firgita da ƙaramar ƙara, faɗuwar gaba, saurin fushi, mantuwa, ƙin zuwa duk inda zai tuna masa: ba rashin bangaskiya ba ne, rauni ne kamar karaya. Mutane da yawa sukan samu sauƙi cikin 'yan makonni in suna da masu tallafa musu. In abin ya wuce wata guda yana hana mutum aiki ko kula da 'ya'yansa, ko ya koma ga burukutu da tiramol don ya samu barci, a kai shi ga likita. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana raba kayansa, kada a tsaya jiran gobe, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita take buɗe masa baki. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A yi addu'a, a sha magani. Ba wanda yake ce wa mai ciwon suga ya bar allurarsa don ya nuna bangaskiya.

Da uwar nan ta ƙi dawowa, ni na je na same ta. Na ce, "Mama, rannan na katse ki. Ki ba ni labarin Baba." Ta yi kusan awa biyu tana magana. Ban buɗe Littafi ba ranar. Daga baya wasu mata uku na Zumunta suka riƙa zuwa wurinta da yamma da kwaryar gyaɗa, su zauna suna ɓara. Wani lokaci a yi waƙa, wani lokaci ba a cewa komai sai ƙarar ɓawo. Da ta ce har yanzu ba ta iya addu'a, babbar cikinsu ta ce, "Bar shi, mu za mu yi miki. Ke dai ki zauna." Likita ya ba ta magani na ɗan lokaci. Baba Fasto kuma ya yi abin da ya fi taɓa ni: ya shirya sujadar tunawa da waɗanda ba a ga gawarsu ba, aka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, aka yi wa iyalansu ta'aziyya kamar yadda ake yi in an dawo daga maƙabarta. Ranar ce ta fara kukan mijinta da murya.

Sai maganar gafara, wadda ta fi kowace nauyi. EYN, wadda aka fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ikkilisiya ce da ta ginu a kan ƙin ramuwa, kuma yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. Na ga mutanen da suka yafe da gaske, na ga nauyin da ya sauka daga kansu. Amma ba a tatsar gafara daga bakin mutum tun jininsa bai bushe ba. Wanda aka tilasta wa ya furta ta a gaban jama'a yakan koma gida da fushinsa, ya ƙara da kunya. Uwar nan ta fara ne daga abu ƙarami: a layin karɓar masara ta haɗu da wata Musulma 'yar Madagali da aka kashe wa 'ya'ya biyu, suka riƙa tsare wa juna wuri.

Bayan shekara guda da wani abu, suna shirin komawa gida, ta zo mini sallama da kuɓewa a leda, daga ɗan filin da aka ara mata. Ta ce har yanzu in ta ji kukan akuya da yamma sai hawaye ya zo, amma tana iya yin Addu'ar Ubangiji har ƙarshe. Na tambaye ta barci fa. Ta ce, "Da sauƙi, Sista. Takalmin yanzu a bakin ƙofa yake kwana."