Darasin Wannan Mako: Mitar Sola, Yunit da Kuɗin Sayar da Wutar Saman Kwano

Duk wanda ya ɗaga kai a unguwarsu a 'yan shekarun nan zai ga farantan sola a kan rufin masallatai, shagunan cajin waya, asibitoci da gidajen jama'a. Da yawa daga cikinmu akwai su a gida, amma idan aka tambaye mu yunit nawa suke bayarwa a rana sai mu yi shiru. Wannan rashin sani yana jawo asara: iyayenmu kan kashe dubban ɗaruruwan naira, batir ya mutu kafin lokacinsa, a rasa ko laifin mai haɗawa ne ko na masu amfani. Saboda haka muka zauna da littattafanmu na Fiziks muka shirya wannan darasi, tare da labarin ƙasashen da gwamnati ta sa aka riƙa biyan magidanta kuɗi saboda wutar da rufinsu ya samar.

Yadda faranti ke ba da wuta

An yi farantin sola da ƙananan ƙwayoyi na sinadarin silikon. Idan hasken rana ya sauka a kansu sai ya motsa ƙwayoyin lantarki da ke ciki, su kama gudu ta waya. Mu lura da kyau: haske ne ke yin wannan aiki. Zafi kuwa rage ƙarfin faranti yake yi. Lambar da ake rubutawa a bayan faranti, misali wat 300, an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faranti kuma yana kan zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, ƙarfin yakan ragu da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Shi ya sa a tsakiyar bazara, lokacin da kwano ke ƙona hannu, faranti ba ya kai lambar da ke jikinsa.

Wutar da ke fitowa daga faranti mai bin hanya guda ce, wadda muke kira DC a aji. Fanka da firji da talabijin kuwa wuta mai kai da komowa suke so, wato AC. Inbata ita ce na'urar da ke juya ta farko ta koma ta biyu.

Kilowat daban, yunit daban

A nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa a jarrabawa. Wat da kilowat suna auna ƙarfin wuta a daidai wannan lokacin, kamar ƙarfin zubar ruwa daga bakin famfo. Kilowat ɗaya wat 1,000 ne. Yunit kuma, wanda ake rubutawa kWh, yana auna yawan wutar da aka tara ko aka sha, kamar ruwan da ya taru a bokiti. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya ci yunit ɗaya. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci wannan yunit ɗin. Yunit ɗin da muke saya a mitar kati shi ne wannan, kuma shi ne abin da mitar sola ke ƙirgawa.

Ga misali na lissafi. A ce gida yana da faranti huɗu masu wat 300, jimilla kilowat 1.2. A ce kuma hasken yini guda, idan aka dunƙule shi, ya kai awa 5.5 na cikakkiyar rana. Mu ninka 1.2 da 5.5, mu sami yunit 6.6. Sai mu cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da abin da ke salwanta a waya da inbata da batir. Abin da ya rage ya kusa yunit 5. Yanzu mu duba abin da gidan ke ci: ƙwai shida masu wat 10 na awa shida, yunit 0.36, fanka biyu masu wat 70 na awa goma, yunit 1.4, talabijin mai wat 80 na awa biyar, yunit 0.4, firji, a ce yunit 1.5. Jimilla yunit 3.66. Idan aka ƙara guga ta awa ɗaya ya zama 4.66, an kusa cinye komai ke nan. Ranar da aka tashi da hazo ko hadari, batir ne zai cike giɓin, kuma yawan tatse batir har ƙasa shi ke kashe shi da wuri.

Ladan shigar da wuta layi

Yanzu mu leƙa Turai. A can yawancin gidaje masu sola ba su dogara da batir ba, domin wutar layi ba ta cika ɗaukewa ba. Inbatarsu a haɗe take da layin kamfani. Da rana gida ya sha abin da zai sha, rarar ta fita ta bi waya zuwa maƙwabta. Da dare kuma gidan ya jawo daga layi kamar kowa.

Shekaru ashirin da suka wuce farantan sola suna da tsada ƙwarai, magidanci ba zai saya ba sai ya san zai mai da kuɗinsa. Sai gwamnatoci suka kafa doka mai cewa duk wanda ya samar da wuta daga rana ko iska, za a biya shi tsayayyen farashi a kan kowane yunit har tsawon shekaru masu yawa. Jamus ce ta yi fice a wannan. Dokarta ta makamashi mai sabuntuwa ta shekarar 2000 ta yanka wa wutar sola fenik 99 a kan kowane yunit, na tsawon shekara 20. Jama'a suka yi rububin saye, masana'antu suka ƙara yawan abin da suke ƙerawa, musamman daga baya a ƙasar Sin, farashin faranti ya faɗi warwas a duk duniya. Arahar da muke gani yau a kasuwannin Kano da Kaduna tana da nasaba da wannan tarihi.

Birtaniya ta fara nata tsarin a watan Afrilu na 2010, ana kiransa FIT a taƙaice, ƙarƙashin kulawar hukumar Ofgem mai sa ido a kan harkar wuta da gas. Kamfanonin sayar da wuta ne ke biyan magidanta, su kuma su raba nauyin a kan takardun kuɗin wuta na dukkan jama'a.

Mita uku, aiki uku

Domin a san abin da za a biya, sai an auna. Gida mai sola a Birtaniya yana hulɗa da awo iri uku.

Na farko, mitar samarwa. Ƙaramar mita ce da ake sakawa bayan inbata, tana ƙirga duk yunit ɗin da farantan suka samar, ko an sha a gida ko ya fita waje. Na biyu, mitar shigowa, wato mitar da kowane gida ke da ita, mai ƙirga abin da aka jawo daga layin kamfani. Na uku, awon fitarwa, mai ƙirga rarar da gida ya tura layi. Mitocin zamani masu aika bayani da kansu suna iya yin aiki na biyu da na uku a tare.

Daga nan mai gida yake samun riba ta hanya uku. Ana biyansa ladan samarwa a kan kowane yunit da mitar farko ta nuna, har da wanda ya sha da kansa. Ana ƙara masa ladan fitarwa a kan abin da ya tura layi. Sannan kuɗin wutarsa na wata yana raguwa, tunda da rana tasa yake sha. Da yake ƙananan gidaje da yawa ba su da awon fitarwa, sai doka ta ce a ɗauka kawai rabin abin da suka samar ya fita, a biya su a kan haka.

Mu gwada da lambobi. Fam ɗaya na Ingila kwabo 100 ne. A shekarar 2010, wanda ya ɗora sola mai ƙarfin kilowat 4 ko ƙasa da haka a kan gidan da ake zaune a ciki, ladan samarwarsa kwabo 41.3 ne a kan yunit, na fitarwa kuma kwabo 3. Irin wannan sola a ƙasar Ingila takan ba da wajen yunit 3,400 a shekara. Mu ninka 3,400 da kwabo 41.3, mu sami fam 1,404.20. Rabin 3,400 shi ne 1,700. A ninka da kwabo 3, fam 51 ke nan. Jimilla fam 1,455.20 a shekara, ban da ragin kuɗin wuta. Waɗanda suka shiga da farko an ɗaure musu wannan alkawari na shekara 25, kuma ana ɗaga farashin kowace shekara gwargwadon tsadar rayuwa.

Yadda ake karanta mitar

Mitar samarwa ba ta komawa sifili, tara lamba take yi kamar mitar tafiyar mota. Mai gida yakan karanta ta, galibi duk bayan wata uku, ya aika wa kamfani. Idan wancan karo ta nuna 12,480, yanzu kuma 13,590, sai a ɗebe na farko daga na biyu: yunit 1,110 aka samar. Mitoci da yawa suna da ƙaramar jar fitila mai ƙiftawa. Idan an rubuta 1,000 a gefenta, ƙiftawa dubu ita ce yunit ɗaya, saurin ƙiftawar kuma yana nuna ƙarfin rana a lokacin. Allon inbata ma yana nuna lamba, amma takan ɗan saɓa da ta mita, kuma da ta mita ake biya. Kamfani yakan tabbatar da karatun mitar aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, don kada wani ya ƙara lamba.

Akwai wani abin dariya da ya faru a wasu gidaje. Tsofaffin mitoci masu faifai mai juyawa, idan wuta ta bi ta cikinsu zuwa waje, sai faifan ya juya da baya, lambar ta riƙa raguwa. Dole aka riƙa canza irin waɗannan mitoci.

Me ya sa aka rufe tsarin?

Farashin faranti ya sauka da sauri fiye da yadda aka zata, ladan kuma ya zama garaɓasa. A watan Maris na 2012 aka rage shi zuwa kwabo 21 ga sababbin shiga, a watan Agusta na shekarar aka mai da wa'adin shekara 20. Akwai kuma ƙorafin cewa mai haya da talakan da ba shi da kuɗin sayen sola suna taya mai hali biyan nasa ta cikin kuɗin wuta. A ranar 31 ga Maris 2019 aka daina karɓar sababbi, amma tsofaffi suna ci gaba da karɓa har wa'adinsu ya cika. Daga Janairu 2020 wani tsari ya maye gurbinsa, mai suna SEG: babu ladan samarwa, ana biyan abin da mita ta auna ya fita kawai, kuma kowane kamfani shi ke yanka farashinsa.

Ina muka tsaya a nan gida?

Rana dai Allah ya hore mana. Faranti ɗaya a Kano yakan ba da kusan ninki biyu na abin da zai bayar a Landan cikin shekara. Hukumar NERC mai kula da wutar lantarki a Najeriya ta fitar da ƙa'idar irin wannan lada a 2015, amma an tsara ta ne domin manyan tashoshi masu megawat ɗaya zuwa sama, ba rufin gida ba. Akwai kuma cikas na fasaha. Inbatar da ke tura wuta layi an ƙera ta ne ta daina turawa nan take idan wutar layi ta ɗauke, domin kada ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana gyara. A inda wuta ke ɗaukewa kullum, rarar ba ta da inda za ta. Shi ya sa mu batir ne rumbunmu.

Gargaɗi: kada wani ya ji wannan labari ya je ya haɗa inbatar gidansu da layin kamfani da kansa. Rai zai iya salwanta, sannan wasu mitocin kati ba sa bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, sai su cinye yunit ɗin mai gida a kan wutar da ya bayar kyauta.

Abin da za mu iya yi yau shi ne awo. Yawancin inbatoci da na'urorin kula da caji suna nuna yunit ɗin da aka samar a rana. Mu sami ƙaramin littafi mu riƙa rubuta lambar kullum da magariba. Idan ta faɗi alhali gari garau yake, mu duba ƙura, inuwar bishiya ko tankin ruwa, ko waya ta saki. A lokacin hunturu a riƙa wanke farantan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin su yi zafi, kuma babba ya tsaya a wurin. Guga da injin jawo ruwa a yi su da hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ke biya, a bar wa batir fitila da fanka.

Aikin gida

1. Fanka mai wat 60 ta yi awa 15 tana aiki. Yunit nawa ta ci?
2. Mitar samarwa ta tashi daga 7,250 zuwa 8,050. Idan ladan samarwa kwabo 21 ne, na fitarwa kwabo 3 a kan rabin abin da aka samar, fam nawa za a biya mai gidan?
3. Me ya sa inbatar da ke haɗe da layi take daina tura wuta idan an ɗauke?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka ukun a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Sashen Kimiyya, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta