Mai Farmasi da Likita: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Ciwon sukari yakan daɗe a jiki mutum bai sani ba, har ya taɓa idanu, ƙoda ko ƙafafu. Shi ya sa wasu masu farmasi ke awon sukari da ɗigon jini daga yatsa. Ka je da safe, kafin ka ci komi.

In awon ya kai 1,26 g/l, mai farmasi zai tura ka wurin likita a sake gwaji. Kada ka sayi magani sai likita ya rubuta.

In ya tsaya tsakanin 1,10 da 1,25, ciwon yana bakin ƙofa. Rage sukarin shayi da lemun kwalba. Yi tafiyar minti 30, kwana 5 a mako.

Tambaya: Wa ke rubuta maganin sukari?