Ƙahon Jamus a hannun mai walda

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani yaro ya shigo shagona da ƙaho a nannaɗe cikin zani, ya rungumo shi kamar jinjiri marar lafiya. Na san shi, a badujalar cocinsu yake busa, kuma Allah ya ba shi kunne. Da ya warware zanin sai da na dafe kai. Ƙaho ne ƙirar Jamus, mai bawul mai juyawa, wani baƙo ya bar masa kyauta da zai koma gida. Bututun gaba ya murɗe, tokara biyu sun ɓalle daga dalmarsu, hannun bawul na ɗaya ya lanƙwashe, ga sawun haƙoran filaya kewaye da bakin busa kamar kare ya gwaguya.

Na ce, "Kai, mota ce ta bi ta kansa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "A'a Baba, mai walda ne."

Ashe ƙahon ya zo ba baki. Sai yaron ya zaro wanda yake zuwa biki da shi, Schilke 14A4a, mai ƙoƙo marar zurfi da matsattsen ramin baya, ya cusa. Wannan baki an yi shi ne don mai son ya tsaga sama a kan ƙaho mai fistin. A kan na Jamus sai murya ta fito siririya, tana tsawa kamar ana yaga kwano, sautukan sama suka ƙi zama daidai, na ƙasa suka bushe. Ga shi kuma yana ɗan girgiɗi a mazauninsa. Wani ɗan uwansa mai busa ya ce ya naɗa salatif. Ya naɗa. Wani gwanin kuma ya ce maƙogwaron ne ya yi ƙanƙanta, ya karɓa ya zura masa injin huda, ba awo ba komai. Da abin ya ƙi, yaron ya cire salatif, ya buga bakin da tafin hannu don ya zauna. Ya kuwa zauna, ya ƙi fita. Daga nan sai wurin mai walda, wanda ya danne ƙahon da gwiwa ya kama baki da filaya ya murɗa. Bakin bai motsa ba, bututu ne ya bi shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ina da abin zare baki a rataye a bango. Aikin minti biyu ne, kuma ban taɓa karɓar ko sisin yara a kansa ba. Amma sai an gama ɓarna ake tuna hanyar shagona.

Ƙaho mai juyi ba mai fistin ba ne da aka kwantar a gefe. Bututun gabansa gajere ne, iska na isa bawul nan da nan. Raminsa wajen milimita 11 ne, na mai fistin ƙirar Amurka kuwa ya kusa 11.7, amma ƙararrawarsa ta fi faɗi. Tun asali an gina shi ne don murya mai kauri da duhu, wadda ke narkewa cikin sauran kayan kiɗa, irin wadda ake ji a manyan ƙungiyoyin Balin da Biyana. Shi ya sa yake son ƙoƙo mai zurfi wanda ya ɗan zube kamar mazurari, da maƙogwaro a buɗe, da ramin baya mai faɗi. Bakin Bach na yau da kullum maƙogwaronsa lamba 27 ne, milimita 3.66, masu ƙaho mai juyi kuwa galibi sama da haka suke nema. Breslmair na Ostiriya yana da jerin G, Yamaha ta yi 14E4 da 15E4 da 16E4 musamman don wannan ƙaho, ga Josef Klier da Bruno Tilz a Jamus. In duk ba ka samu ba, Bach 1½C zai riƙe ka kafin Allah ya hore. Ni na fi son G2 na Breslmair, amma leɓena ba naka ba ne.

Kada ka sauya faɗin gefen da leɓenka ya saba da shi. Zurfi za ka sauya, da ƙafar da ke shiga mazauni. Don haka ma ake yin baki mai kwancewa gida biyu ko uku. Kuma ka duba zaman ƙafar: tsofaffin ƙahonin Jamus da yawa mazauninsu bai dace da ƙafar Amurka ba, in yana girgiɗi to ba nasa ba ne. Salatif ba ya gyara wannan.

Ba a huda baki da inji a bakin titi. Ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa. Ba a buga baki da tafi. In ya maƙale, ajiye filaya. In ruwan azurfa ya goge tagulla ta fito, daina sa shi a leɓe. Kada ka sayi baki don ka ga wani Bature da shi a YouTube, ka gwada a kan ƙahonka, wani ya tsaya can nesa ya saurara maka. Na sake faɗa, ajiye filaya. Mai walda ƙofa da taga ya iya, ban raina sana'arsa ba, amma da ya ce bai iya ba da ya fi masa mutunci.

Na miƙe hannun bawul, na mayar da tokara. Bututun gaba kuwa ya tsage, sai an aiko da wani daga Jamus, kuma kuɗinsa da na aike ya fi ƙarfin yaron. Ƙahon na nan a kan teburina cikin zaninsa. Kirsimetin bana da ƙahon aro zai busa.