Kalmar "Notice": Lura Ce ko Gargaɗi?

Kalmar Turancin da na zaɓa mana bana ita ce "notice", wadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta koma notis. Mu nan Gana ba mu da maɓoya daga gare ta: tana jikin allon makaranta, tana ƙofar asibiti, tana cikin takardar mai gidan haya.

In muka auna ta da ma'aunin nahawu, wani lokaci fi'ili ce, wani lokaci ismi. In fi'ili ce, ma'anarta lura ko ankara, abin da muke karantawa a Larabci da mulahaza. Wanda ya ce "I noticed the door was open" yana nufin ya lura ƙofa a buɗe take. Wannan ya wuce gani, don ai mutum kan kalli abu bai lura ba. Kuma ba sai da ido ba, wari ko ƙara ma ana lura da su da wannan kalma. In aka ce maka "take no notice of him", to kada ka kula shi kenan.

In ta zo a ismi kuwa, sanarwa ce. Shagon da aka manna wa "closed until further notice" an rufe shi har sai an sake sanarwa, babu ranar buɗewa, kada ka ɓata ƙafarka.

Amma inda kalmar take da nauyi shi ne in ta zama gargaɗi mai wa'adi, wato inzari. Ita ce notis ɗin da mai gida ke ba ɗan haya ya tashi, ko wanda ake bayarwa kafin a rabu a wurin aiki. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ce kwantiragin shekara 3 ko fiye notis ɗinsa wata ɗaya ne, wanda bai kai haka ba mako biyu. Rigimar haya kuma tana da ofishinta na gwamnati, ƙarƙashin dokar haya ta 1963.

Abin da ya burge ni, asalin kalmar daga Latin ne, daga tushen da ke nufin sani. Ku duba, mu ma sanarwa daga sani ta fito, Balarabe ma i'ilami daga ilimi. Shi ya sa da zarar takardar ta shiga hannunka, ana lissafa ka cikin waɗanda suka sani, ko ka iya karanta ta ko ba ka iya ba. Hujja ta hau kanka, kwanaki sun fara tafiya.

To mu da Allah ya sa muna karanta boko da ajami, in tsohuwa a zango ta miƙo mana takarda mai wannan kalma a samanta, kada mu ce mata "sanarwa ce kawai". Mu nemo kwanan watan da ke ciki, mu ƙirga mata ranakun da suka rage.